Yadda Yaya Ya Cika Ajin Kiwon Zuma

Wannan labarin ba ji na yi ba, a gaban idona aka yi shi, kuma wanda ya yi aika-aikar uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Yayana ɗalibi ne a kwalejin da ke tsallaken titi daga shagon Gwaggo, inda nake buga wa ɗalibai takardu, ina kuma ba su kwamfuta su yi aikinsu. A gida Yaya muke ce masa. A kwaleji kuwa Barmini ake kiransa, saboda ba a taɓa faɗin wata matsala a gabansa bai dafa ƙirji ya ce a bar masa ba. Shi ya gyara mana fanka ta koma hura rufin ɗaki. Shi ya taɓa yi wa Baba aski, Baba ya daɗe bai cire hula ba ko a ɗakin kwanansa.

Duk ƙarshen zango kwalejin takan buɗe rajistar kwasa-kwasan zango mai zuwa. Tsarinsu shi ne kowane ɗalibi sai ya fara zama da malamin da aka ba shi na shawara, su duba sakamakonsa tare, su yarda a kan abin da zai ɗauka, sannan malamin ya buɗe masa shafinsa a kwamfuta. Kowa yana da damar zaɓen kwas ɗaya daga duk sashen da ya ga dama. Kwas ɗin da bai samu mutum goma sha biyar ba kuwa, soke shi ake yi. A wannan makon shagonmu ba ya samun wurin zama.

Cikin masu zuwa akwai wata da ake ce wa 'Yar Gona, saboda kullum da jar ƙasa a gefen takalminta. Ba ta da yawan magana. Yaya yana sonta tun bara, kuma a ganinsa babu wanda ya sani, alhali har mai gyaran taya na bakin titi ya sani. Da ta shigo shago sai Yaya ya ɗauki tsumma ya hau goge kwamfutar da na riga na goge.

Ranar da aka buɗe rajista ta shigo ta zauna kusa da ni.

"Ƙawata, duba mini kiwon zuma. Mutum nawa suka shiga?"

Na duba. "Uku."

Ta matso ta duba allon da kanta. Sannan ta gaya mini, a hankali, cewa Innarta tana da amya a bayan gona, gadon kakanta, kuma kowace shekara ƙudan zuman sai su tashi su bar mata akwatuna wayam, ba wanda ya san dalili. Tun shigowarta kwaleji take jiran wannan kwas, kullum ana soke shi don rashin mutane. Zango mai zuwa ne nata na ƙarshe, malamin kuma daga shi zai yi ritaya. Ita kanta ba ta samu shiga ba tukuna, don 'yan ajin ƙarshe sai a ƙarshen mako suke ganin malaman shawara.

Tsumman Yaya ya tsaya.

"Uku? Shi ne kike ɓata rai? Ni fa na san kwalejin nan kamar yunwar cikina. Ki bar mini."

Gwaggo ta ɗago daga kan kujerarta. "'Yar nan, in kina da wani da za ki roƙa, ki je ki roƙe shi tun rana ba ta yi ba."

Washegari Yaya ya fito da tebur ƙarƙashin rumfar shago, ya kafa kwali ya rubuta: Shawara kyauta daga babban ɗalibi.

"Babba kam," in ji Gwaggo, "tunda 'yan ajinku sun fita sun bar ka."

"Gwaggo, gogewa ake kiran wannan."

Sabbin ɗalibai kuwa suka yi ta tsayawa, don duk wanda zai je gaban malamin shawara gabansa faɗuwa yake yi, ga kuma wani a bakin hanya yana murmushi. Yaya bai damu da abin da mutum yake karanta ba. Da mai karatun lauya ya zo, Yaya ya ce masa lauya murya yake sayarwa, kuma babu abin da ke gyara murya kamar zuma. Ya ce wa wani ɗan ƙwallo zuma ke sa ƙafa gudu. Ya ce wa wani siriri zai yi ƙiba. Abokin siririn kuwa, wani mai tumbi, Yaya ya ce masa zai rame.

"Yanzu fa ka ce masa tana sa ƙiba," in ji mai tumbin.

"Zumar safe ke nan. Kai ta yamma za ka riƙa sha."

Ya gaya musu babu jarrabawa. Ya ce malamin tsoho ne, da ya shigo aji sai ya jingina ya yi barci, in ya farka ya ba kowa maki. Ya ce duk mako kowane ɗalibi yana komawa gida da kwalba cike.

"Ka taɓa shiga ajin?" wata ta tambaya.

"Ni da malamin nan ai ɗa da uba ne."

Bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Ana cikin haka wata rana malamar shawarar Yaya ta tsallako titi ta shigo a buga mata takardu. Mace ce mai tabarau da sanyin murya. Tana jira tana ce wa Gwaggo ita dai ba ta san abin da ya shiga kan yaran bana ba: mai karatun injiniya zuma, mai karatun jinya zuma, ta tambaye su dalili sai su yi ta kallon ƙasa suna murmushi. Na waiwaya in ga Yaya, sai na tarar babu kowa a teburin. Yana durƙushe a bayan injin buga takardu. Sai da ta tafi ya miƙe.

"Me kake yi a nan?" in ji Gwaggo.

"Igiyar takalmi nake ɗaurewa."

"Silifa ne a ƙafarka."

Lamba ta yi ta hawa har ta wuce goma sha biyar. Na ce, "Yaya, ya isa haka, kwas ya tsira." Ya ce shi ba ya aikin rabi da rabi, ajin da 'Yar Gona za ta zauna sai ya cika ya tumbatsa, har a rasa wurin ajiye jaka. Abin da bai tsaya ya tambaya ba shi ne ko ajin yana da iyaka. Yana da ita. Rigunan kariya talatin ne kawai a sashen, don haka mutum talatin ake ɗauka.

Ranar da 'Yar Gona ta ga malaminta aka buɗe mata shafi, Yaya ya goge riga, ya zazzage rabin turaren Baba a jiki, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran godiya. Ta zauna, ta danna kiwon zuma. Jan rubutu ya fito: gurbi ya cika.

Ta sake dannawa. Ta juyo ta kalle ni, ni kuma na kalli Yaya.

"Wannan ai alama ce ta nasara," in ji shi. "Mutum ɗaya kawai za a fitar. Biyu ma, har da ni. Ki bar mini."

"Kai ba ka shiga ba?" in ji Gwaggo.

"Shugaba ai shi ke shiga ƙarshe."

Ya fara da lallashi. Ya je wurin siririn, siririn ya ce shi da ya riga ya yi wa Innarsa alkawarin kwalba biyu. Ya je wurin mai karatun lauya, wannan ya ce har ya fara jin muryarsa na gyaruwa tun daga rajistar. Babu wanda ya yarda ya saki zuma kyauta da maki kyauta. Yaya ya yi aikinsa da kyau fiye da kima.

Sai ya canza dabara. Ya cusa auduga a kunci, ya naɗe kai da bandeji, ya fito yana ɗingishi, ko da yake babu wanda ya san abin da ya haɗa ƙafa da maganar. Ya ja mutum biyu gefe, bayan rumfa, ya rage murya. Ya ce jiya ya leƙa gonar zuma don ya gaida malam, ga abin da ya samu. Ya ce ashe an canza tsari, jarrabawar bana hannu ake sawa cikin amya a tsaya. Ya ce ku biyu kawai na gaya wa saboda ina ƙaunarku, kada ku gaya wa kowa.

Ɗaya daga cikin biyun shugaban ajinsu ne, mai rukunin 'yan aji a waya.

Kafin la'asar labari ya yi ƙafafu. Hannu ya zama kai. An ce bara wani ya kumbura har sai da aka cire ƙyauren aji kafin ya fita. An ce malamin ba ya barci sam, ko da dare, kuma ƙudansa sun san warin malalaci. Shagonmu ya cika da masu son fita, har layi ya kai titi. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga hannu.

"Ku tsaya, ba kowa suke harbi ba. Mutum biyu kawai ake bukata su fita."

"To ka dubi fuskarka," in ji mai tumbi.

"Ɗazu kuncin hagu ne ya kumbura," in ji Gwaggo, tana leƙensa. "Yanzu na ga na dama."

"Dafin yawo yake yi, Gwaggo."

Da yamma 'Yar Gona ta dawo. Ta danna, rajista ta shiga ba gardama. Ta daɗe tana kallon lambar da ke gefen kwas ɗin. Ɗaya. Har ukun nan na farko, da suka shiga da kansu tun kafin Yaya ya sa baki, sun gudu. Gobe kuma ake rufewa.

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, karo na farko ta kalli Yaya ido cikin ido.

"Da ban yi maganar a gabanka ba, da yanzu mu huɗu ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsallaka titi ta tafi. Yaya ya tofar da audugar a hannunsa, ya zauna a kan teburin shawara, kuma na ɗan lokaci na ji tausayinsa. Amma ba a jima ba na ga idonsa ya fara wannan ƙyallin da muka sani a gida, irin wanda ya yi kafin askin Baba.

A ranar ƙarshe duk malaman shawara sukan taru a babban ɗakin taro, kowa da teburinsa da kwamfutarsa, don waɗanda suka makara da masu canza ra'ayi. Gwaggo ta aike ni in kai musu takardun da suka ba mu bugu. Ɗakin cike yake. Ina ajiye takardu sai na ji ƙarar baro a kan tsakuwa, tana matsowa.

Yaya ne. Ya je bayan gonar kwaleji ya ɗauko ƙaramar amya, akwatin katako fari, ya toshe ƙofarta da safarsa, ya turo ta a baro tun daga can, a kan duwatsu da ramuka, ya hau da ita matakala yana bugawa. Daga inda nake ina jin akwatin yana gurnani. Ya sake zuba turaren Baba, don ya san 'Yar Gona tana wurin.

Ya hau kujera ya tafa hannu.

"'Yan'uwa ɗalibai, wa ya ce muku ƙudan zuma na harbi?"

"Kai," in ji ɗakin gaba ɗaya.

"To na ƙara bincike. Halitta ce mai kunya da ladabi. Yanzu za ku gani da idonku."

Ya sauko ya zare safar. Ƙuda ɗaya ya fito, ya taka a hankali, ya hau bayan hannunsa ya tsaya. Yaya ya ɗaga hannun sama yana juyawa don kowa ya gani.

"Kun gani? Kamar ɗan..."

Sauran suka fito.

Ban san ɗakin taro yana da ƙarƙashin tebur da yawa haka ba. Shugaban sashe ya ja mayafin teburinsa ya lulluɓa, kofin ruwa da furanni suka biyo shi. Siriri da mai tumbi suka isa ƙofa tare suka maƙale, kowa na cewa ɗan'uwansa ya rame. Ɗan ƙwallo ya fita ta taga. Malamar shawara ta ɗora fayil a kanta ta ci gaba da zama kamar tana jiran mota. Amma yawancin ƙudan ba su kula kowa ba, turaren suka bi. Yaya ya yi ta zagaya baro yana kaɗa hannu, kuma wannan karon bai ce a bar masa ba.

Sai wani ɗan tsoho gajere ya shigo, yana bin sawun tayar baro, da gwangwanin hayaƙi a hannu. Ko riga ta kariya bai sa ba.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji shi. "Mai gudu suke bi. Kai mai ƙamshi, fita waje ka yi nisa da ɗiyana. Wa zai riƙe mini murfi?"

Babu wanda ya motsa sai 'Yar Gona. Ta fito daga bayan ginshiƙi ta zo ta tsaya kusa da shi. Tsohon ya ɗora akwatin a bakin taga, ya busa hayaƙi kaɗan, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin yara. Gurnanin ya sauka. Ƙudan suka fara dawowa, suna layi a bakin ƙofarsu. Ya ciro saƙar zuma ɗaya ya ɗaga ta wajen haske, ruwan zinariya, ƙuda na yawo a kan yatsunsa.

"Ga uwar nan," in ji shi ga 'Yar Gona. "Doguwar nan. Inda take, nan suke."

Na ga fuskarta a lokacin. Ban taɓa ganinta haka ba. Kawuna suka fara leƙowa daga ƙarƙashin tebura. Wani ya matso da rarrafe. Wata ta tambaya ko uwar ce ke ba da umarni, wani ya tambaya me ya sa hayaƙi ke kwantar da su, tsohon yana amsawa yana mayar da saƙa. 'Yar Gona ta tambaye shi abin da ke sa su tashi su bar amya.

"Wannan sai tsakiyar zango, 'yata," in ji shi. "In an yi ajin."

"Malam, da gaske ne kana barci a aji?" in ji mai karatun lauya.

"Ina so, ba a bari na."

"Jarrabawa fa? An ce babu. An kuma ce kai ake sawa a amya."

"Akwai jarrabawa, da biro ake yinta. Zuma kuwa wanda ya yi aiki zai lasa. Wa yake ba ku labarina haka?"

Shugaban sashe ya fito daga cikin mayafi da fure a kafaɗa, ya ce shi ma tambayar da yake son yi ke nan. Hannaye suka miƙe gaba ɗaya suka nuna ƙofa. Yaya yana tsaye a can, kuncinsa biyu sun yi suntum, leɓensa ya kai girman ayaba, ido ɗaya ya rufe. Mai tumbi ya matsa ya latsa kuncin da yatsa.

"Yau babu auduga," ya sanar.

"Wannan ne ɗan naka, Malam," in ji siriri. "Ya ce ku ɗa da uba ne."

Tsohon ya kalle shi sama da ƙasa. "Ko da nawa ne, yau ba zan gane shi ba."

Ɗakin ya fashe da dariya, kuma cikin dariyar layi ya fara haɗuwa a gaban tebura. Waɗanda suka ga saƙar nan a haske ba su tambayi kwalba ba. Kafin a rufe, lamba ta haye goma sha biyar.

Malamar shawara ta sauke fayil daga kanta ta yafito Yaya.

"Zo nan, ɗana. Zango guda ina aika maka ka zo, ashe kana can ka buɗe ofis kana taya ni aiki."

Ta zaunar da shi ta buɗe sakamakonsa, dalilin ɓuya bayan injin buga takardu ya fito fili: lissafin shekarar farko, ya faɗi, ya maimaita, ya sake faɗi. Ta ce babu kwas ɗin zaɓi a gare shi sai ya ci wannan. Ta duba jadawali ta ce lokacinsa ɗaya da kiwon zuma. Yaya ya ɗaga yatsa zai yi jawabi, abin da ya fito daga leɓen nan kawai "Mmm."

"Madalla, ka yarda," in ji ta, ta danna. "Ban taɓa samun ɗalibi mai sauraro kamarka ba. Yanzu tashi ka mayar wa mutane da baronsu."

Kwana ya yi kwance a kan bencin shago da ƙanƙara a fuska. Da bakin ya fara buɗewa, abin da ya fara fita shi ne, "Gwaggo, kwas ya tsira ko bai tsira ba? Wa ya kawo malamin gaban jama'a? Duk cikin shiri ne."

"Har leɓen?"

"Kowane babban aiki yana da ɗan abin da yake ci."

Yana faɗin haka 'Yar Gona ta shigo a buga mata takardar rajistarta. Yaya ya nemi tsumma, ya rasa, ya zauna da ƙanƙararsa. Ta karɓi takardar ta ninke ta a hankali ta sa a jaka. Ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo.

"Barmini, na ji an ce lissafi ne ya riƙe ka."

"Ba riƙe ni ya yi ba, muna dai..."

"Ni na iya shi. Ranar da babu aji ka same ni a ɗakin karatu da littafinka. Amma da sharaɗi."

"Faɗi. Ko mene ne zan yi miki."

"Sharaɗin ke nan. Kada ka sake yi mini komai."

Ta fita, kuma na rantse na ga gefen bakinta ya motsa. Yaya ya bi ta da idonsa mai buɗewa har ta shige ƙofar kwaleji. Sannan ya juyo gare ni, ya rage murya.

"Ƙanwata, littafin lissafin nan nawa, kin san inda na ajiye shi?"

"Ɗaga teburin shawararka," in ji Gwaggo. "Da shi ka tokare gajeriyar ƙafar."